Sarki Tanimun ɗan Sulaimanu: Mai Ganuwar Damagaram

Duk wanda ya ratsa unguwar Birni a Zinder, ya dubi fadar Sarki da ɗan abin da ya saura na tsohuwar ganuwa, to aikin Sarki Tanimun yake kallo. Shi ɗa ne ga Sarki Sulaimanu, wanda ya dawo da gadon sarautar Damagaram zuwa Zinder a farkon ƙarni na 19. A lokacin nan Damagaram tana ƙarƙashin Barno, tana kai gaisuwa ga Shehu, kuma Shehu na da ta cewa wajen naɗi da tuɓewa.

Tanimun bai sami sarauta cikin ruwan sanyi ba. Ya hau gado a 1841, amma a 1843 wansa Ibrahim ya koma kai, shi kuwa ya sauka. Sai a farkon shekarun 1850 ya dawo, ya riƙe ƙasa kimanin shekara 30, har Allah ya yi masa rasuwa a 1884. Wanda ya taɓa rasa gado a hannun ɗan'uwansa ya san cewa rawani shi kaɗai ba ya tsare sarki. Abin da ke tsare shi, bayan ikon Allah, shi ne mutanen da ke zagaye da shi, da irin amanar da ke tsakaninsu.

Saboda haka da ya dawo, bai jingina da ƴaƴan sarki kaɗai ba, tun da kowannensu na iya hangen gadon. Ya ɗaukaka bayin sarki, ya danƙa musu manyan muƙamai na fada da na yaƙi. Waɗannan mutane ba su da hanyar gadon sarauta, darajarsu a ɗaure take da tasa. Ya ba su amanar dawaki da makamai da dukiya, su kuma suka tsaya masa.

Haka ya yi da masu sana'a. Bindigogi suna zuwa ta hamada daga Tarabulus, amma bai tsaya jiran ayari ba. Maƙeran Zinder suka riƙa zuba manyan bindigogi a nan gida, ana kuma haɗa albarushi. Magina da talakawa suka tayar da ganuwar da ta kewaye Birni. A Zango kuwa, fataken Abzinawa da Larabawa suna sauke kaya, suna ɗaukar fatu da gashin jimina. Falke ba ya komawa garin da aka ci amanarsa, kuma a zamanin Tanimun hanyar ayarin da ke tsakanin Tarabulus da Kano ta Zinder ta bunƙasa ƙwarai.

Da wannan haɗin gwiwa na Barebari da Hausawa da Abzinawa da Larabawa, na malamai da mayaƙa da maƙera, Damagaram ta faɗaɗa. Ƙasashen maƙwabta irin su Mirriya da Muniyo suka shiga inuwarta, har ya zamana biyayyar da ake yi wa Barno ta kusa komawa ta suna kawai.

Tarihi kuwa amana ne, ba a faɗin rabinsa. Ƙarfin wancan zamani ya ginu har da hare-hare da cinikin bayi, kuma garuruwa da dama sun ɗanɗana kuɗarsu. Sarki goma, zamani goma. Wannan ɓangare ya wuce, ba kuwa abin koyi ba ne.

Abin koyin shi ne yadda ya gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ya zaɓi mutum don abin da ya iya, ya ba shi aiki, ya yarda da shi. Shekara 15 bayan rasuwarsa, a 1899, Faransawa suka ci Zinder a zamanin ɗansa Amadu Kuran Daga. Mulkin mallaka ya zo ya tafi, mafi yawan ganuwar ta zube, amma gidan sarautar yana nan a Birni.

Ya kamata sarakunanmu da hakimai da masu unguwanni su tuna cewa ganuwar ƙasa ruwan sama na cin ta, ta amana ce ke daɗewa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya gafarta musu kurakuransu, ya ja zamanin masu riƙe da mu. Amin.