Ariyus, Limamin Iskandariya Da Ya Ja Da Taron Nikiya

Kusan shekara 300 bayan zamanin Annabi Isa, alaihis salam, wata gardama ta tashi tsakanin malaman Nasara a birnin Iskandariya ta ƙasar Masar, wadda ba ta kwanta ba sai da ta girgiza daular Rum baki ɗaya. Tambaya ɗaya ce tak aka yi ta ja a kanta, watau shin Almasihu fararre ne, ko kuwa daɗaɗɗe ne wanda samuwarsa ba ta da farko. Mutumin da sunansa ya manne wa wannan gardama har yau shi ne Ariyus.

An haife shi a ƙasar Libiya wajen shekara ta 256 Miladiyya, ana kuma kyautata zaton ya yi karatu a hannun Lukiyanus, malamin Antakiya wanda aka kashe saboda addininsa a 312. A lokacin Kiristoci suna cikin matsananciyar azaba a hannun sarakunan Rum masu bautar gumaka. Da wahalar ta lafa, sai aka naɗa Ariyus limamin majami'ar Baukalis, wata unguwa kusa da tashar jiragen ruwa ta Iskandariya. Abokan gabarsa da kansu sun siffanta shi da cewa dogo ne, mai kamun kai, mai gajeruwar riga irin ta masu gudun duniya, ga shi kuma da taushin harshe. Ba don yabo suka faɗi haka ba, nufinsu shi ne da wannan hali ya ja mutane. Daga cikin mabiyansa an ambaci mata kimanin 700 waɗanda suka keɓe kansu domin ibada.

Abin da yake koyarwa shi ne Allah Shi kaɗai ne ba Shi da farko, ba a haife Shi ba, ba Ya kuma rarrabuwa. Tun da yake Nasara suna kiran Almasihu Ɗa, to, a ganin Ariyus duk wanda aka samar dole ne samuwarsa ta kasance da mafari, saboda haka Almasihu halitta ne da Allah Ya samar da nufinSa. Bishop Iskandar, shugaban majami'un Masar, ya ga cewa wannan magana ta rushe tushen ceton da suke wa'azi a kansa, domin a wurinsa halitta ba ta iya ceton halitta. Kowane ɓangare kuwa yana da ayoyin da yake kafa hujja da su daga Linjila.

A nan ya kamata mai karatu ya yi hattara. Sau da yawa akan ji ana cewa Ariyus ya yi daidai da Musulmi a kan Annabi Isa, alhali abin bai kai haka ba. Shi bai ɗauke shi a matsayin bawa kuma manzo ɗan Adam kawai ba. Ya ce shi ne farkon halitta kuma mafi ɗaukakarta, an samar da shi tun kafin zamani, ta hanyarsa aka halicci sauran abubuwa, bai kuma daina kiransa Ɗa ba. Inda ya tsaya da ƙarfi shi ne hana daidaita shi da Allah a cikin daɗewa da zati.

Gardamar ta fito fili wajen 318. Iskandar ya tara bishop-bishop kusan 100 na Masar da Libiya, suka kori Ariyus daga majami'a. Shi kuwa bai yi shiru ba. Ya nufi Falasɗinu, ya sami goyon bayan manyan malamai, musamman Yusibiyus na Nikomidiya, wanda yake da fada a gidan sarauta. Ya tsara aƙidarsa cikin wani littafi na waƙa mai suna Taliya, watau Walima, an kuma ruwaito cewa ya yi wa matuƙan jirgi da masu niƙa da matafiya waƙoƙi, har zancen da malamai suke yi a zaure ya koma kasuwa.

A 324 Sarki Kustantin ya gama da abokin hamayyarsa Lisiniyus, ya haɗa gabas da yamma a ƙarƙashinsa, sai ya tarar da addinin da yake fatan zai haɗa masa kan jama'a ya rabu biyu. Da farko ya aika wa Iskandar da Ariyus takarda yana zarginsu da jayayya a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Da wannan bai yi amfani ba, sai ya kira taro a garin Nikiya, a ƙasar Turkiyya ta yau, cikin 325. Adadin da ya shahara shi ne bishop 318, ko da yake masu bincike suna ganin ba su kai haka ba. Ariyus ba bishop ba ne, saboda haka ba shi da ƙuri'a. Taron ya zartar cewa Ɗa haifaffe ne ba halittacce ba, kuma zatinsa ɗaya da na Uba, suka yi amfani da kalmar Girkanci homo'usiyos. Wannan kalma ba ta cikin littattafansu masu tsarki, abin da ya sa da yawa suka sa hannu zuciyarsu ba ta kwanta ba. Bishop biyu ne kaɗai suka ƙi, Sikundus da Tiyonas, dukansu mutanen Libiya. Aka kore su tare da Ariyus zuwa Iliriya, daga baya Sarki ya ba da umurnin a ƙone littattafansa, wanda ya ɓoye kuwa hukuncinsa kisa.

Amma fada ba ta da alƙibla ɗaya. Kafin shekara uku Yusibiyus, wanda shi ma aka kora bayan taron, ya komo ya sake samun shiga. Iskandar ya rasu a 328, almajirinsa Atanasiyus ya gaje shi, mutum mai taurin kai wanda ya ƙi karɓar Ariyus duk da umurnin Sarki. A 335 wani taro a Taya ya tuɓe Atanasiyus, aka kore shi zuwa Tiriya a ƙasar Jamus ta yau, wani taron kuma a Ƙudus ya wanke Ariyus.

A 336, yana da shekara wajen 80, Sarki ya umurci bishop na Ƙustantiniyya ya karɓe shi a majami'a. Ana gobe za a yi haka, ranar Asabar, yana tafiya cikin birni tare da jama'arsa, sai cikinsa ya murɗa kusa da dandalin Kustantin, ya shiga makewayi, can rai ya yi halinsa. Maƙiyansa suka ce hukuncin Allah ne, waɗansu marubuta na baya kuma suka yi zaton guba. Labarin dai daga alƙalamin Atanasiyus ya fara fitowa, shi kuwa ba ya nan aka yi. Haka ma abin da ya rage na rubutun Ariyus bai wuce wasiƙu uku da guntayen Taliya ba, yawancinsu abokan gabarsa ne suka kwafe su domin su yi raddi.

Shekara guda bayan haka, Yusibiyus ɗin nan ne ya yi wa Kustantin baftisma a kan gadon mutuwarsa. Ɗansa Kustantiyus ya karkata ga masu ƙin kalmar Nikiya, Atanasiyus kuwa sau biyar ana korarsa daga kujerarsa. Sai a 381, zamanin Sarki Tiyodosiyus, taron Ƙustantiniyya ya tabbatar da hukuncin Nikiya, ya ƙara bayani a kan Ruhu Mai Tsarki, aƙidar uku-cikin-ɗaya ta zauna da ƙarfin doka. Duk da haka ra'ayi mai kama da na Ariyus ya ci gaba a wurin ƙabilun Jamus, Bandal suka riƙe shi a Afirka ta Arewa har 534, Got na Andalus kuma har taron Tulaiɗila a 589.

A cikin wasiƙar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya aika wa Hiraƙla Sarkin Rum, wadda Buhari ya ruwaito, an ambaci waɗansu mutane da sunan Arisiyyin. Mafi yawan masu sharhi sun fassara kalmar da manoma da talakawan daular, waɗansu malamai kuwa suka ce mabiyan Ariyus ake nufi.