Dakta Walter Miller, likitan Zariya da ya fassara Littafi Mai Tsarki

An haifi Walter Miller a Ingila a 1872, ya kuma yi karatun likita a Asibitin St Bartholomew da ke Landan. A Tarabulus ta ƙasar Libiya ya fara koyon Hausa, daga bakin fatake da alhazai. A 1900 ya iso Kano cikin ayarin mishan na CMS ƙarƙashin Bishop Tugwell, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba. Suka koma Girku. Sai a 1905 Miller ya samu zama a cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, wanda daga baya suka yi ta takun saƙa da shi.

A Zariya ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani, amma fassara ce ta cinye mafi yawan shekarunsa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, Tsohon Alkawari da Sabo, cikin rubutun boko, wanda tun farko Miller ya fifita a kan ajami. Sunansa ne ya yi fice, ko da yake wasu mishan da Hausawan da suka zauna da shi suna tace kalmomi suna da babban kaso a aikin.

Littattafan Ibraniyanci da ya mayar Hausa sun taɓa bin irin wannan hanya. A Iskandariya ta Masar, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, aka fara juya Attaura zuwa Girkanci, fassarar da aka sani da Septuagint. Ruwaya ta ce Sarki Ptolemy na Biyu ne ya gayyato dattawa 72 daga Urushalima, amma manazarta da yawa suna ganin buƙatar Yahudawan birnin ce ta haifar da ita, domin Girkanci ya riga ya zama harshensu. Can masu karatu ne suka riga fassara zuwa. Miller kuwa ya yi tasa ne da fatan Musulmin birane za su karɓa, kaɗan ne ƙwarai suka bi shi. Waɗanda suka rungume ta su ne al'ummomin Filato, kudancin Kaduna, Adamawa da kudancin Barno, waɗanda Hausa ba harshen uwa ba ce gare su. Shi ya sa har yau ake jin Bura da Margi suna ibada da Hausa a majami'un Maiduguri.

Mutum ne mai kafiya. Da aka fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa a 1929, bai yi na'am ba, ya koma Kano, daga baya ma ya bar CMS. Littattafan da ya rubuta a ƙarshen rayuwarsa cike suke da sukar mulkin Turawa ta hannun sarakuna. Ya rasu a Bukuru, kusa da Jos, a 1952.