Gilles Caron: Sojan Da Ya Ajiye Bindiga Ya Ɗauki Kyamara

A ƙasar Zuru, wadda ta yi suna wajen ba da 'ya'yanta ga aikin soja, akwai dattawan da suka halarci yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970. Su da idanunsu suka ga yaƙin. Amma mutanen Turai ta hoto suka gan shi, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kai musu hotunan shi ne wani Bafaranshe mai suna Gilles Caron.

An haifi Caron ran 8 ga Yuli, 1939, kusa da birnin Paris. A cikin 1959 aka ɗauke shi aikin soja, aka tura shi Aljeriya cikin rundunar sojan laima. Abin da ya gani can ya sa yaƙi ya fita daga ransa, har a cikin 1961 ya ƙi ci gaba da faɗa, aka tsare shi wata biyu. Da ya gama wa'adinsa a 1962 sai ya koma gida ya koyi ɗaukar hoto.

A cikin 1967 ya shiga kamfanin hotuna na Gamma. A wannan shekara ya ɗauko hotunan yaƙin kwana shida tsakanin Larabawa da Isra'ila, sa'an nan ya wuce Biyetnam. A 1968 ya shiga yankin da Ojukwu ya kira Biyafara har sau uku. Bai tsaya ga hafsoshi da fareti ba. Abin da ya sa a gaba shi ne gawawwaki, da masu gudun hijira, da yaran da yunwa ta bar su ƙashi da fata.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wata da watanni ana yaƙin, talakan Turai bai damu ba, amma da irin waɗannan hotuna suka bayyana a mujallu da talabijin sai hankali ya tashi, aka shiga tara gudummawa. Ran 31 ga Yuli, 1968, gwamnatin Janar de Gaulle ta fito fili ta nuna goyon bayanta ga 'yan awaren, kuma makamai suka riƙa isa gare su ta Gabon da Kwaddibuwa. Waɗansu likitocin Faransa da suka yi aiki can su ne suka kafa ƙungiyar likitoci ta MSF a 1971.

Har yau masana tarihi suna gardama. Waɗansu sun ce hotunan sun ceci rayuka, waɗansu kuwa sun ce taimakon da suka jawo ya tsawaita yaƙin, yunwar ta daɗa cin mutane.

Caron bai daɗe ba bayan wannan. A farkon 1970 sojojin Cadi suka kama shi tare da 'yan tawayen Tubawa, suka tsare shi wajen wata guda. Da aka sake shi ya tafi Kambodiya. Ran 5 ga Afrilu, 1970, ya bi hanyar da ta tashi daga Phnom Penh zuwa Saigon, ba a sake ganinsa ba. Shekararsa 30, ya bar mata da 'ya'ya mata biyu.

Hotunansa gaskiya suka nuna, amma kyamara inda aka juya ta nan kaɗai take gani. Sauran labarin yana bakin waɗanda suka yi yaƙin, don haka ya kamata matasan Zuru su zauna gaban dattawansu su ji shi tun suna da rai.