Richthofen, Matuƙin Jan Jirgi, Da Ranar Da Ya Karya Doka

A zangon karatun da ya wuce malaminmu ya kore ni daga wajen firaktikal don ya tarar ina walda babu gilashin kare ido. Wallahi na ji haushi, don a ganina hannuna ya riga ya faɗa. Haushin bai sake ni ba sai da na karanta tarihin Manfred von Richthofen, Bajamushen da ya kakkaɓo jirage 80 a Yaƙin Duniya na Ɗaya, adadin da babu matuƙin da ya kai shi a wannan yaƙi.

An haife shi a 1892 a Breslau, wadda yau take cikin ƙasar Folan. Sojan doki ne tun farko, amma ramukan yaƙi da waya mai ƙaya da mashinga suka kashe wa doki kasuwa, sai ya koma rundunar sama a 1915. Kada ku ɗauka da gwaninta aka haife shi fa. Ranar da ya fara tuƙi shi kaɗai, lalata jirgin ya yi wajen sauka.

Abin da ya gyara shi malami ne. A 1916 Oswald Boelcke ya ɗauke shi cikin rundunarsa, ya ɗora shi kan dokoki: ka sa rana a bayanka, ka zo wa abokin gaba ta baya, kada ka harba sai ka matso kusa, in kana saman yankin maƙiya kada ka manta hanyar komawa gida. Richthofen ya riƙe su gam. Ya kakkaɓo jirginsa na farko ranar 17 ga Satumba, 1916. A Janairun 1917 aka ba shi lambar Pour le Mérite da shugabancin rundunar Jasta 11, ya shafe jirginsa da jan fenti. A watan Afrilu kaɗai ya harbo jiragen Birtaniya fiye da 20. Kowane jirgi ya kayar sai ya sa maƙeri a Balin ya ƙera masa ƙaramin kofin azurfa, har ya kai 60, azurfa ta yi ƙaranci a Jamus. Nan kam jikina ya yi sanyi, don yawancin kofunan nan gawar ɗan wani ce a bayansu.

A Yulin 1917 harsashi ya same shi a kai, ya dawo fagen fama yana fama da ciwon kai. Ranar 21 ga Afrilu, 1918, kusa da kogin Somme a Faransa, ya bi wani sabon matuƙi ɗan Kanada, Wilfrid May. Ya nace, ya yi ƙasa-ƙasa, har ya kutsa saman sansanin maƙiya, abin da shi kansa yake hana yaransa. Harsashi ɗaya ya ratsa ƙirjinsa. Yawancin masana tarihi na ganin sojojin Ostareliya da ke ƙasa ne suka harbe shi. Shekararsa 25. Maƙiyan nasa ne suka binne shi da cikakkiyar girmamawar soja.

'Yan uwana ɗalibai, ba sabon shiga doka ta fi karewa ba, wanda ya fara jin ya iya ne. Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Ni dai na sayi gilashina, na kuma je na ba malam haƙuri.