Alfred Edersheim, Bayahuden da Ya Ga Almasihu Cikin Hadayun Haikali

Da yawa daga cikinmu, in mun soma karatun Littafi Mai Tsarki tun daga Farawa, mukan yi ta tafiya da murna har mu kai Littafin Firistoci. A nan ne ƙafa takan yi nauyi. Mukan iske dokokin hadaya, da na tsarkakewa, da na abinci, da na idodi, sai mu tsallake, muna tsammani babu abincin ruhu a ciki. Domin wannan ne muka ga ya kamata mu ba da labarin wani bawan Allah wanda ya ba da yawancin ransa ga binciken waɗannan dokoki, ya kuwa iske bishara a cikinsu.

An haifi Alfred Edersheim ran 7 ga Maris, 1825, a birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya. Iyayensa Yahudawa ne masu hali. Tun yana yaro aka koya masa Ibrananci da Attaura, da kuma al'adun dattawan Yahudawa. A shekara ta 1841 ya shiga jami'ar Biyana, amma bai gama ba, gama mahaifinsa ya kamu da ciwo, dukiyar gida kuma ta karye. Sai saurayin ya tafi Fest ta ƙasar Hangari, wadda yanzu ta ke cikin birnin Budafest, yana koyar da harsuna domin ya sami abin zaman gari.

A kwanakin nan ana gina wata babbar gada a bisa kogin Danub, waɗansu ma'aikatan kuwa daga Birtaniya suka zo. Akwai wani mai wa'azi, mutumin Sikotlan, sunansa John Duncan, wanda aka aiko domin ya kai bishara ga Yahudawan wurin, yana kuma yi wa ma'aikatan gadar sujada. Duncan gwanin Ibrananci ne ƙwarai, har mutane suka laƙaba masa sunan Rabbi. Ta wurinsa ne Edersheim ya ji bishara, ya ba da gaskiya Yesu Banazare shi ne Almasihun da kakanninsa suka daɗe suna jira, aka yi masa baftisma.

Sa'ad da Duncan ya koma Edinbara a 1843, Edersheim ya tafi can ya yi karatun tauhidi, ya ƙara kuma a Barlin. A 1846 aka naɗa shi aikin bishara, ya yi wajen shekara guda yana wa'azi ga Yahudawa a Yashi, cikin ƙasar da a ke kira Romaniya yau. A 1849 ya zama fasto a Abadin ta Sikotlan. Amma jikinsa ba mai ƙarfi ba ne. Ciwo ya sa ya bar aikin ya koma kudancin Ingila, inda sanyi ya ke da sauƙi, a 1872 kuma ciwo ya sake tilasta masa hutu. A cikin hutun nan ne ya rubuta littafinsa a kan Haikali da hidimominsa kamar yadda su ke a zamanin Ubangijinmu, aka buga shi a 1874.

Abin da ya sa littafin ya zama da daraja shi ne, mai rubutun ɗan gida ne. Romawa sun rushe Haikalin Urushalima tun shekara ta 70, hadayu suka tsaya, amma malaman Yahudawa sun rubuta yadda a ke yin kowace hidima. Edersheim ya san waɗannan rubuce-rubuce, ya jera su kusa da Attaura da Sabon Alkawari, ya nuna yadda suka dace da juna.

Ya bayyana yadda a ke yanka ɗan rago ɗaya da safe, ɗaya da maraice, kowace rana ta Allah, da yadda mai kawo hadaya yakan ɗibiya hannunsa a kan dabbar, watau alama ce cewa dabbar ta tsaya a madadinsa. Ya bayyana Ranar Kafara, wadda mu ke karantawa a Firistoci sura 16. Sau ɗaya tak a shekara babban firist yakan tuɓe tufafinsa na ado, ya sa fararen tufafin lilin, ya shiga bayan labule da jini. Akan kawo bunsuru biyu a jefa kuri'a a kansu: a yanka ɗaya, ɗayan kuwa a hurta zunuban jama'a a kansa, a kore shi zuwa jeji. Bunsuru na fari yana nuna biyan hakkin zunubi, na biyu yana nuna ɗauke shi nesa, duka biyu kuwa sun cika a kan gicciye. Haka kuma ɗan ragon Idin Ƙetarewa, wanda aka hana a karya ƙashinsa ko ɗaya, Yahaya ya shaida mana a sura 19 cewa sojoji ba su karya ƙafafun Yesu ba. A Idin Bukkoki kuwa firist yakan ɗebo ruwa daga tafkin Siluwam a cikin tulun zinariya ya zuba a bagade. Wanda ya san wannan al'ada zai ƙara gane abin da ya sa a idin nan ne Yesu ya miƙe ya kira masu ƙishi su zo gare shi, kamar yadda ya ke a Yahaya sura 7.

Wannan koyarwa ba Edersheim ne ya ƙago ta ba. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 9 da 10, ta riga ta koya mana cewa shari'a inuwa ce ta kyawawan abubuwan da za su zo, jinin bijimai da na awaki kuwa ba ya iya kawar da zunubi. Da yana iyawa, da ba a yi ta maimaita hadayun shekara da shekaru ba. Inuwar mutum takan riga shi isowa ƙofa da hantsi, mai gida kuwa yakan gane baƙonsa ya kusa. Amma in baƙon ya iso, shi a ke yi wa maraba. Tun dā malaman Ekklesiya sukan bambanta dokokin halin kirki, irin su Dokoki Goma, waɗanda har yanzu su ke kanmu, da dokokin hidimar sujada, waɗanda suka gama aikinsu sa'ad da labulen Haikali ya tsage daga sama har ƙasa.

A 1875 aka naɗa Edersheim cikin Ekklesiyar Ingila, ya yi kiwon garke a wani ƙauye mai suna Loders daga 1876 zuwa 1882. Daga nan ya koma Okisfod. A 1883 ya fitar da babban littafinsa a kan rayuwar Yesu Almasihu da zamaninsa, a ƙarshensa kuwa ya jera wurare 456 na Tsohon Alkawari waɗanda malaman Yahudawa na dā da kansu suka ce a kan Almasihu su ke magana. Ya rasu a Menton ta ƙasar Faransa ran 16 ga Maris, 1889, yana da shekara 64.

Labarin mutumin nan yana tsare mu daga kuskure biyu. Na fari shi ne raina Tsohon Alkawari da jama'ar da aka danƙa wa shi. Edersheim bai yar da littattafan kakanninsa ba sa'ad da ya bi Yesu, sai ma ya ƙara son su, domin ya ga inda suka nufa. Na biyu shi ne komawa ga inuwa. In ciwo ko masifa ta shiga gidan mai bi, dangi suka matsa masa ya yanka kaza ko akuya domin kafara, sai ya tuna cewa ko hadayun da Allah da kansa ya umarta ta bakin Musa sun ƙare, balle waɗanda mutane suka ƙago. Hadayar Almasihu ɗaya ce, an miƙa ta sau ɗaya, ta kuwa isa.

A taronmu na wannan mako bari mu karanta Firistoci 16 tare da Ibraniyawa 9, mu lura da kowane abin da babban firist ya yi, sa'an nan mu nemi cikarsa cikin aikin Ubangijinmu.