Marigayi Sir Kashim Ibrahim, Gwamnan Jihar Arewa

Zamanin da Kazaure take cikin Lardin Kano, Turawa ne ke hawa kujerar Gwamnan Arewa a Kaduna, har 1962 da Sir Kashim Ibrahim ya gaji Sir Gawain Bell. An haife shi a Yerwa cikin 1910. Ya yi Kwalejin Katsina, ya daɗe riƙe da alli, abin da mu malaman makaranta muke tinƙaho da shi, kafin ya zama minista, sannan Wazirin Barno. 'Ya'yanmu na birni sukan ɗauka wuƙa da nama suna hannunsa. A'a, mulki na wajen Firimiya Sardauna, Gwamna kuwa sa hannu kan doka ne nasa. Juyin mulkin Janairun 1966 ya sauke shi. Ya rasu a 1990, Allah ya jiƙansa.