Tarihin Malam Abdullahi Smith, Baturen da Ya Zauna Zariya

Ya 'yan'uwa malamai da fatake, yau za mu ba ku labarin wani masanin tarihi, haifaffen Ingila, wanda ya zo ƙasarmu baƙo, ya musulunta, ya rasu a cikinta.

An haife shi a 1920, iyayensa suka sa masa suna Henry Frederick Charles Smith. Ya yi karatun tarihi a Jami'ar Cambridge, sa'an nan ya tafi Sudan ya koyar. A 1955 ya zo Jami'ar Ibadan. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai ya tashi ya zo Zariya, ya zama shugaban sashen tarihi na fari.

To, ku san yadda ya iske al'amarin. A zamanin nan, in an ce tarihin ƙasar baƙar fata a makarantun boko, yawanci labarin Turawa ake nufi, da ranar da suka zo da abin da suka yi. Shi kuwa ya ga ƙasar da ke da malamai masu alƙalami da tawada tun ɗaruruwan shekaru ba ta rasa nata labari a rubuce. A 1961 ya buga wata maƙala, ya nuna masana sun yi sakaci da jihadin ƙarni na 19, wato na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wanda ya fara a 1804, da na Shehu Ahmadu na Masina, da na Alhaji Umarul Futi. Hujjarsa ita ce, waɗannan shugabanni malamai ne masu wallafa, don haka ba mai gane nufinsu sai ya karanta abin da suka rubuta da Larabci, kamar Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Bello, da Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahin Gwandu.

Saboda haka ya dage ga tattara rubuce-rubucen hannu. Aka riƙa bin gidajen malamai da sarakuna ana roƙon aron littattafai da wasiƙu, a ɗauki hotonsu, a jera sunayensu. A 1967 Allah ya shiryar da shi, ya karɓi Musulunci, ya ɗauki suna Abdullahi. A 1970 aka mai da gidan marigayi Sardauna a Kaduna wurin binciken tarihi, shi ne Arewa House, shi kuma ya zama shugabansa na fari.

A shekarar nan ta 1970 ya rubuta a kan Zazzau zamanin sarakunan Haɓe, wato kafin Malam Musa ya ci birnin a 1808, Sarki Makau ya fita ya nufi Zuba. Ya kuma rubuta a kan yadda sarauta ta kafu a ƙasar Hausa. A ganinsa labarin Bayajida bai isa ya bayyana asalin Hausa Bakwai ba. Ya ce a duba yadda ƙauye kan zama gari, gari ya zama birni mai ganuwa da kasuwa, musamman a gindin duwatsu irin su Dala da Turunku da Kufena, inda noma da ƙira da fatauci suka tara jama'a har suka bukaci sarki. Ku fatake, kun ji ke nan, kakanninku na cikin waɗanda suka gina birane.

Almajiransa sun yi yawa. Murray Last ya zauna Sakkwato ya yi karatu a littattafan Waziri Junaidu, littafinsa kan Daular Usmaniyya ya fito a 1967. Yusufu Bala Usman ya rubuta tarihin Katsina. Malam Abdullahi ya rasu a 1984. Bayan rasuwarsa aka tara wasu maƙalunsa aka buga a 1987. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

Abin da ya sa na kawo wannan labari shi ne halin da namu littattafai suke ciki. Ni kaina na buɗe gafakar kakana na iske gara ta cinye rabin wani littafi, da sunan mai kwafarsa da shekararsa duka, ba kuwa wanda zai komo da su. A zaurukan birnin nan akwai irinta da yawa, magada ba su iya karantawa, ba su kuma yarda a gani. Mutum ya taso daga Ingila ya ƙare ransa wajen neman takardun kakanninmu, ashe bai kamata mu bar su ga gara da ɗigar damina ba.

Ina roƙonku, kowa ya sauko da gafakarsa kafin ruwa ya sauka, ya kakkaɓe, ya jera warƙoƙi, ya rubuta sunan kowane littafi. In masu bincike sun zo, a bar su su ɗauki hoto a gabanka, asalin ya zauna a hannunka. Allah ya sa mu dace.